Daɗewa ko Iya Aiki: Ma'aunin Ƙarin Girma ga Akawunan Ƙananan Hukumomi

Layin aikin akawu a ƙananan hukumomin Najeriya gajere ne. Mai takardar sakandare yakan shiga a matsayin mataimakin akawu a matakin albashi na 03, ko akawu mai daraja ta biyu a mataki na 04 idan sakamakonsa ya cika. Daga nan sai mai daraja ta ɗaya a na 05, babban akawu a na 06, sai shugaban akawuna a na 07, inda layin ya tuƙe. Waɗannan su ne masu riƙe da rajista. Su ke buɗe fayil su ba shi lamba, su ke shigar da wasiƙar da ta iso da wadda za ta fita, su ke tsara jerin sunayen ma'aikata da takardun albashi, kuma su ake sa wa su lalubo takardar fili ko ta rumfar kasuwa da aka ajiye tun shekara ashirin. Da yake suna da yawa a ƙasa, guraben sama kuma kaɗan ne, duk lokacin da aka zo ƙarin girma tambaya ɗaya ce ke tasowa: a cikin waɗanda suka isa, wa za a fara ɗagawa? Wasu sun ce wanda ya riga zuwa. Wasu sun ce wanda ya fi iya aikin.

Kafin a auna amsoshin biyu, sai an san mai yanke hukuncin. Kowace jiha tana da hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wadda dokar jiha ce ta kafa ta. Sashe na 197 na tsarin mulkin 1999, wanda ya lissafa hukumar ma'aikatan jiha da ta zaɓe da ta ma'aikatan shari'a, bai ambace ta ba. Ita ke ɗauka, ta ƙara girma, ta ladabtar, ta kuma canza wa ma'aikaci wurin aiki daga mataki na 07 zuwa sama. Masu waɗannan matakai ma'aikatan haɗaka ne na duk jihar: na Kano ana iya kai shi kowace daga cikin ƙananan hukumomi 44, na Katsina kowace daga cikin 34. Daga mataki na 06 zuwa ƙasa kuwa, hukumar ta sakar wa ƙaramar hukuma ragama ta hannun kwamitin kula da ƙananan ma'aikata, wanda ke zama a sakatariya. Ke nan kusan duk tsawon aikinsa, makomar akawu tana hannun mutanen da yake gaisawa da su kullum safe, waɗanda su ma suke ƙarƙashin ciyaman ko kantoma. Hawan ƙarshe ne kaɗai, daga 06 zuwa 07, ke kai fayil ɗinsa babban birnin jiha. Wannan kusanci shi ya raba muhawarar a nan da irinta a ma'aikatun tarayya.

Sharuɗɗan isa a duba mutum an aro su ne daga ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, jihohi suna ɗan yi musu kwaskwarima. Sabon ma'aikaci yana zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar masa da aiki. Wanda ke mataki na 06 ko ƙasa sai ya yi aƙalla shekara biyu a matakinsa. Daga 07 zuwa 14, shekara uku. Mai takardar tuhuma da ba a gama bincikenta ba ana ajiye shi gefe. Ana duba rahoton ƙwazonsa na shekarun baya, wanda ma'aikata suka sani da takardar APER. Sannan dole a sami gurbi a ƙiyasin ma'aikata na kasafin kuɗin shekarar. Waɗannan duka suna nuna wanda ya isa a duba ne kawai, ba sa faɗin wanda zai riga wani.

Jerin na gaba da na baya ba da shekarun haihuwa ake tsara shi ba, ba kuma da jimillar shekarun aiki ba, ko da yake haka yawancin mutanen wajen ofis suke zato. A jerin ma'aikata kowane suna yana da ranaku uku a gabansa: ranar fara aiki, ranar tabbatarwa, da ranar hawa matakin da mutum yake kai yanzu. Ta ukun ce ke da ta cewa. Wanda ke mataki na 06 yana gaba da duk wanda ke 05, ko da na 05 ɗin ya riga shi shiga aiki da shekara goma. A tsakanin 'yan mataki ɗaya, wanda ya riga hawa matakin shi ne gaba. Idan rana ɗaya suka hau, kuma hakan ya fi yawa tunda rukuni-rukuni ake ƙarin girma, sai a koma ranar da kowa ya hau matakin baya, a yi ta komawa har ranar fara aiki. Ita ma wannan, ranar kama aiki ake nufi, wato ranar da mutum ya bayyana aka shigar da shi rajista, shi ya sa mutum biyu da suka karɓi takardar ɗauka tare suke iya bambanta saboda ɗaya ya yi jinkirin mako guda. Babban amfanin ranar fara aiki shi ne lissafin ritaya: shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga cika.

Wannan lissafi baƙo ne idan aka kwatanta da tsufan aikin. A zamanin En'e, malamin ofis ko na baitulmali ma'aikacin Sarki ne da majalisarsa, kuma ɗaukarsa da ɗaukakarsa sun dogara ƙwarai ga gidan da ya fito da wanda ya tsaya masa. Rashin horo da rashin ƙa'ida a aikin En'e suna cikin abin da ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman gyaranta a majalisar Arewa a watan Agusta 1950. Horon akawuna ya kafu a Zariya, a makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a 1947, wadda ta zama cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo. Matakan albashi 17 sun zo da rahoton Udoji na 1974. Gyaran 1976, a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, ya kawo ƙarshen En'e, ya kafa ƙananan hukumomi masu fasali ɗaya a duk ƙasa, ya kuma tanadi hukumar jiha da za ta kula da ma'aikatansu. Daga nan lissafin rana ya maye gurbin alfarmar fada, aƙalla a takarda.

Masu kare daɗewa daga wannan tarihi suke fara hujja. Sun ce rana ba ta da ɗan'uwa, ba ta da jam'iyya. Kowa yana iya buɗe fayil ya karanta ta, kuma wanda aka tsallake yana da abin nunawa idan ya rubuta koke. A ƙaramin gari, inda daraktan mulki surukin wani ne, ma'aji maƙwabcin wani, kansila kuma yana da 'yan mazaɓarsa da ya yi wa alkawari, duk ma'aunin da ya bar wa shugaba damar ya ce wane ya fi wane, ƙarshensa zai zama ma'aunin wanda yake da uwa a gindin murhu. Ciyaman yawanci shekara biyu ko uku yake yi, kantoma wani lokaci watanni, kowanne kuma da mutanensa yake zuwa. Akawun da zai yi shekara 35 zai ga irinsu goma ko fiye. Idan ci gabansa yana hannun kowanne, dole ya koyi faranta wa kowanne. Nan ne hujjar ta fi nauyi, domin akawu shi ne ake fara nema idan za a cusa sunan bogi a takardar albashi, ko a zare wata takarda daga fayil, ko a mayar da kwanan wasiƙa baya. Wanda ya san lokacinsa zai zo ko shugaba ya so ko bai so ba yana da ɗan ƙarfin da zai ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba." Wanda ƙarin girmansa ke jiran albarkar bakin shugaba ba shi da wannan ƙarfi.

Hujja ta biyu daga yanayin aikin take. A rajista, daɗewa da iyawa ba su cika rabuwa ba. Tsohon akawu ya san fayil ɗin rikicin iyakar gona tsakanin ƙauyuka biyu yana ƙarƙashin wace lamba, ya san an taɓa sake masa bango, ya san rabinsa ya tafi da sabuwar ƙaramar hukumar da aka cire daga tsohuwar. Ya san yadda ake rubuta wa hakimi da yadda ake rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi, da abin da bai kamata ya shiga rubutu ba sam. Babu jarrabawar da ke tambayar waɗannan. Bayan haka, aikin akawu na 04 da na 05 kusan ɗaya ne, tebur ɗaya, littafi ɗaya. Ƙarin girma a wannan tsakani lada ne na haƙuri fiye da sabon nauyi, kuma ladan haƙuri da tsawon haƙuri ake auna shi.

Akwai kuma zaman lafiyar ofis. Sabon akawu a wurin tsoho yake koyon aiki, babu wata makaranta da ke koya masa rajistar garinsu. Idan tsohon ya san yaron da yake koya wa yau zai iya tsallake shi baɗi, zai ɓoye abin da ya sani, kuma ba a ga laifinsa ba. A al'ummar da ake ba na gaba girmansa ko a wurin cin abinci, ɗora yaro a kan wanda ya koya masa riƙe biro yana barin ɗacin da ke daɗewa a ofis fiye da amfanin da aka yi tsammani.

Masu adawa ba su musanta son kai ba. Abin da suka ce shi ne an magance cuta ɗaya an haifi wata. Rana tana nuna tsawon zaman suna a takardar albashi, ba ta nuna tsawon zaman mutum a kan tebur. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sakatariyoyi da yawa ba sa cika sai ranar tantance ma'aikata ko ranar da babban baƙo zai zo, kuma tun da aka koma biyan albashi ta banki, ko ƙarshen wata ba ya tara mutane kamar da. Akwai akawun da ke buɗe ofis ƙarfe takwas kullum, akwai wanda damina gona, rani kasuwa, sai dai a kira shi a waya idan za a sa hannu. Idan shekara biyu ta cika, takardarsu rana ɗaya take fitowa. Sabon ma'aikaci yana kallo, kuma darasin da yake ɗauka a fili yake: zuwa da rashin zuwa ladansu ɗaya. A ganin masu wannan ra'ayi, bin daɗewa zalla yana cikin abin da ya kashe zuciyar aiki a ƙananan hukumomi.

Sun ƙara da cewa aikin da ake yabon tsofaffi da saninsa ya canza. Tafireta ta tafi. Jerin ma'aikata da takardar albashi yanzu a kwamfuta ake tsara su, ana haɗa su da lambar BVN, wadda aka fara a 2014, da hoton yatsa. A ofisoshi da dama wanda ke wannan aiki matashi ne a mataki na 04 mai difloma, ko ma'aikacin wucin gadi, ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, babban akawu kuwa nasa sa hannu. Idan wanda ke ɗauke da aikin ya ga sai ya bi layin mutum goma sha biyar kafin a waiwaye shi, da zarar ya sami wata ƙofa a jiha ko tarayya ko banki zai fice, a bar ƙaramar hukuma da waɗanda ba su da inda za su.

Hujjarsu mafi ƙarfi a kan matakan sama take. Mai mataki na 06 ko 07 yakan riƙe rajista gaba ɗaya, yana rarraba aiki, yana amsa tambaya idan takarda ta ɓace. Idan aka ba wanda bai iya ba don kawai layi ya zo kansa, ba abokan aikinsa ne ke biyan kuɗin ba. Mai biya shi ne tsohon leburan da ya yi ritaya aka kasa gano fayil ɗinsa, fansho ya tsaya, da matar da ke zirga-zirga neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma domin ɗanta ya shiga makaranta. Ofis na jama'a ne kafin ya zama na ma'aikata, kuma adalci tsakanin ma'aikata bai kamata ya zama zalunci ga mai zuwa neman biyan buƙata ba.

Wannan magana gaskiya ce, sai dai tana jawo tambayar da masu ita ba su cika son tsayawa a kanta ba: da me za a auna iyawar? Ma'auni uku ne a hannu, kowanne da raunin da ma'aikata suka sani sarai. Takardar APER a buɗe ake cika ta, ma'aikaci yana ganin abin da shugabansa ya rubuta ya sa hannu. Shugaban da zai haɗu da mutum a masallaci da wurin ɗaurin aure da wuya ya rubuta masa maki ƙasa, saboda haka kusan kowa fitacce ne a takarda. Sau da yawa ma ta shekara biyu ko uku a zama ɗaya ake cikewa, ana gobe kwamiti zai zauna. Gwamnatin tarayya da kanta, a ƙa'idojin aikin da ta sabunta a 2021, ta juya daga wannan takarda zuwa sabon tsarin auna ƙwazo. Takardar shaidar karatu kuwa tana nuna wanda ya sami hutun karatu ne kafin ta nuna wanda ya iya aiki. Ana cire kashi ɗaya cikin ɗari na kason ƙananan hukumomi domin horar da ma'aikata, amma zaɓen wanda za a tura kwas shi ma hukunci ne da mutum ke yankewa, kuma hanya tana shiga cikinsa kamar yadda take shiga ko'ina.

Saura jarrabawa. Ƙa'idar da hukumar ma'aikatan tarayya ta daɗe tana bi ga manyan ma'aikata ta ba jarrabawa ko ganawa maki 70 cikin 100, rahoton ƙwazo 20, daɗewa 5 kacal, kuma 60 ake nema a ci. Masu son cancanta sukan nuna wannan su ce ga abin koyi. Amma can dubban mutane ne ke zama, mai duba takarda bai san mai ita ba. A sakatariyar da akawuna ashirin ke zama gaban kwamitin da ya san uban kowa, maki 70 na ganawa dama ce mai faɗi ƙwarai. Ko an yi ta da gaskiya, jarrabawar haddar ƙa'idojin aiki da na kuɗi take gwadawa, ba ta gwada riƙon amana ko zuwa aiki. Duk da haka tana da amfanin da ba a raina ba: tana iya tace wanda ba ya iya rubuta wasiƙa mai ma'ana, ko bai san bambancin buɗaɗɗen fayil da na sirri ba, ko ba ya iya shigar da suna a kwamfuta. Bambancin da ke tsakanin mai 30 da mai 65 na gaske ne. Wanda ke tsakanin mai 62 da mai 65 ba hujja ba ce da za a tsallake mutumin da ya riga wani da shekara huɗu. Shi ya sa hanyar da ta fi tsayuwa a hankali ita ce jarrabawa ta zama ta ci ko faɗuwa, a gudanar da ita daga hukumar jiha, sannan a jera waɗanda suka ci bisa ranakunsu. Zuwa aiki ma sharaɗi ne da littafin sa hannu zai iya tabbatarwa ba tare da ra'ayin kowa ba, idan an riƙe littafin da gaskiya.

Sai dai masu kare daɗewa su ma suna da inda hujjarsu ke rawa, kuma a nan ne yawancin koke-koken gaske suke. Ranar da suke dogaro da ita ba daga sama ta faɗo ba, hukuncin wani kwamiti ne na baya. A ɗauka akawu biyu aka ɗauka rana ɗaya a ƙananan hukumomi biyu maƙwabta. A ta farko kwamiti yana zama a kan kari. A ta biyu an dakatar da ƙarin girma shekara shida saboda rashin kuɗi ko rikicin shugabanci. Duk biyun za su kai mataki na 07, su shiga jeri ɗaya na jiha, amma na farko yana gaba da shekara shida har ritaya, ba don ya fi ƙwazo ba, ba kuma don ya riga shiga aiki ba. Maganin da ƙa'ida ta sani shi ne a mayar da ranar ƙarin girma baya zuwa lokacin da mutum ya isa, ko da kuɗin zai fara ne daga baya. Inda ake yin haka jerin yana da ma'ana. Inda ba a yi, jerin tarihin sa'a ne.

Haka kuma alfarma guda ɗaya takan rikiɗe ta zama haƙƙi. Wanda wani ciyaman ya ɗaga kafin lokacinsa, ko aka ɗauke shi kai tsaye a mataki na 06 alhali takardarsa ta 04 ce, daga ranar ya zama na gaba, kuma duk ƙarin girman da zai biyo baya bisa ƙa'ida zai same shi. Bayan shekara goma babu mai tuna yadda ya hau. Waɗanda suka ce a koma lissafi da ranar fara aiki wannan suke gudu. Amsar da ake ba su ita ce yin haka zai shafe duk wani bambanci da mutum ya samu da guminsa, ya kuma mayar da wanda aka taɓa hana ƙarin girma saboda laifi daidai da wanda bai taɓa laifi ba.

Canjin layi ya fi kowanne zafi. Idan komai ya tafi daidai, akawu yana iya kai mataki na 07 cikin kimanin shekara goma, ya rage masa ashirin da biyar babu gaba. Mafita ita ce ya samo difloma ya tsallaka layin jami'an zartarwa, wanda ke farawa daga 06 ya kai har 14. Amma ranar da ya tsallaka ita ce sabuwar ranarsa a sabon layi, sai ya koma ƙasan jeri, bayan matasan da suka shigo layin kai tsaye. Mai digiri kuwa a mataki na 08 yake fara aiki, wato ranar farko yana gaba da shugaban akawunan da zai nuna masa inda ake ajiye fayil. Tsofaffin akawuna suna ganin shekarunsu an zubar. 'Yan layin kuma suna cewa shekarun rajista ba shekarun aikin zartarwa ba ne, kuma idan aka bar mai shigowa ya zo da shekarunsa, su da suka bi layin tun farko ba za su taɓa motsi ba. Kowane ɓangare daɗewa yake karewa, sun bambanta ne a kan wace daɗewa. Ma'aikatan wucin gadi da aka mayar na dindindin suna cikin irin wannan hali: shekarun da suka yi ana ba su ɗan alawus ba sa shiga lissafi, ranarsu ita ce ranar takardar dindindin.

Ƙarƙashin duk wannan akwai lafiyar fayil ɗin kansa. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato da Yobe daga Borno a 1991, Zamfara da Gombe a 1996, ƙananan hukumomi kuma suka ƙaru daga kusan 300 a 1976 zuwa 774. Kowace rabuwa ta sa an kwashi fayiloli daga wannan gari zuwa wancan, wasu ba su isa ba. Waɗanda suka isa sun gamu da gara da yoyon rufi da gobara. Inda takardar asali ta ɓace sai a koma ga kwafin da ma'aikaci ya kawo daga gida da takardar rantsuwar shekaru daga kotu, kuma kusan duk tantancewar da jiha ta yi takan tono ranakun haihuwa da na ɗauka da aka goge aka sake rubutawa. Abin lura, masu riƙe da waɗannan fayiloli su ne akawunan da ake jerawa. Hujjar cewa kowa yana iya karanta rana tana aiki ne kawai idan an bari kowa ya gani. A wuraren da jerin ke kulle a durowar daraktan mulki, ma'aikaci ba ya sanin matsayinsa sai ya ji an tsallake shi. Liƙa jerin a allon sanarwa kowace shekara, da ba da wa'adin gyara kuskure kafin kwamiti ya zauna, da ajiye kwafi a hukumar jiha, ba sa cin wani kuɗi, kuma ɓangarorin biyu babu mai hujjar ƙin su.

Kuɗi ne ke yanke abin da ya rage. Takardar ƙarin girma daban, ganin ƙarin a albashi daban, kuma ma'aikata da yawa sun riƙe takarda shekaru suna karɓar albashin tsohon mataki. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, tazarar da ke tsakanin ƙananan matakai ta ƙara tsukewa a inda aka aiwatar, har rigimar wa zai riga wa tsakanin 04 da 05 ta fi zama ta daraja da lissafin ritaya fiye da ta cefanen wata. Kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗaka na jiha da sashe na 162 ya tanada, saboda haka ko kwamiti ya amince, biya yana jiran sahalewar jiha. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar ma'aikatan, NULGE, ta daɗe tana neman wannan 'yanci, amma tana kuma neman a bar hukumar kula da ma'aikata ta jiha da ƙarfinta, domin ta san abin da zai biyo baya idan wanda ke riƙe da kuɗi shi ne kuma ke riƙe da jerin. Hukuncin bai taɓa batun ma'aikata ba. Dokokin jihohi ne za su fayyace ko ƙaramar hukumar da ke biyan albashi daga asusunta dole ne ta biya ƙarin girman da hukumar jiha ta yi wa ma'aikacin mataki na 07, da kuma ko kwamitin sakatariya zai ci gaba da riƙe matakan 06 zuwa ƙasa ba tare da wani ya duba jerinsa daga waje ba.